Angareb a Tsakiyar Nilu

Baba ya cika da hantsi a gidanmu na Bahri, a ranar da sojoji suka rufe gada. Wasiyyarsa ɗaya ce tak: a kwantar da shi a Omdurman, ƙetaren kogin Nilu, kusa da mahaifiyarmu. Zafi kuwa ba ya jiran a buɗe gada. Kafin azahar aka yi masa wanka da sutura, aka sallace shi, muka ɗora shi a angareb, gadon igiyar da ake kai gawa a kansa, muka gangara bakin kogi.

Kwalekwale ɗaya muka samu, na wani tsohon masunci. Ya dubi gadon, ya dubi ruwan da ya yi jajir da ambaliya.

"Mamacin ya shiga, mutum biyu su shiga. Angareb a'a."

Yayana, wanda taurin kansa ya isa a fasa goro da shi, ya ce, "Ya Haj, a ina ka taɓa ganin an raba gawa da angareb kafin kabari? Ubanmu ne, ba buhun albasa ba."

Tsohon ya matsa ya ba mu wuri. Muka gicciya gadon a kan kwalekwalen, ƙafafunsa na reto a waje, ni da Yaya muka tsuguna gefe da gefe.

A lokacin ina gadi a gidan kayan tarihi na Khartoum. Kullum ina wuce wani zane na mutanen Masar na dā: matuƙin jirgi mai kan rago, wanda suka ce shi ke ƙetarar da matattu zuwa lahira. Har tsokanarsa nake yi idan ba kowa, ina tambayarsa ko kasuwa ta yi kyau. Ran nan da na ga tsohon yana tuƙi, fuskarsa na kallon inda muka baro, bayansa na kallon inda za mu, sai zanen ya faɗo mini a rai. Na yi a'uziyya, amma tsoro bai sake ni ba.

Muna kaiwa tsakiya igiyar ruwa ta kama ƙafar gadon guda. Kwalekwalen ya karkata, ruwa ya fara shigowa ta gefen Yaya. Na ga gefen likkafanin ya jiƙe.

"Ku ɗauke mamacin daga kan gadon," in ji tsohon.

"Haj..." in ji Yaya.

"Ya walad, yaro, ko gadon ya tafi ko mu huɗu mu tafi. Magana ta ƙare."

Yaya ya dube ni. Ban taɓa ganin idonsa haka ba. Muka kwance igiyar da muka ɗaure Baba da ita, ƙullin ya gagare ni, sai da na sa haƙori. Na tallafo kafaɗunsa, Yaya ya kama ƙafafu, muka jawo shi kan cinyoyinmu. Tsohon ya sa ƙafa ya ture gadon. Gadon ya yi juyi biyu, ruwa ya wuce da shi arewa, kwalekwalen ya daidaita.

Kan Baba na kwance a gwiwar hannuna, ƙanshin turaren likkafani na shiga hancina. Ashe jinya ta cinye shi haka, ban sani ba.

A gaɓar Omdurman wasu masu sayar da kifi suka ce mu dakata su aro mana wani angareb. Yaya ya girgiza kai. A hannu muka ɗauke shi har maƙabarta, mutane na matsawa suna bin mu da addu'a. Tun da na yi wayo ban taɓa rungumar mahaifina ba sai ran nan, kuma Allah ya sani, ban so mu isa ba.