Bayan G Sai A

Duk wanda ya san Baba Saje Badujala a Karaye ya san ba ya amsa sallama sai ya gama sauraronta. Za ka tsaya a ƙofar zaurensa ka yi sallama, shi kuma ya karkata kai, ya rufe ido ɗaya, ya riƙa taɓa tsirkiyar jitarsa har ya samo inda muryarka ta faɗa. Sannan ya ce, "Wa alaikumus salam. Yau a Di ka zo, jiya kuwa a Ji. Lafiya dai gidan?" Di da Ji ɗin nan sunayen sautukan kiɗa ne. Ko liman bai tsira ba.

Tsohon soja ne, cikin masu busa da kiɗan fareti ya yi aikinsa, shi ya sa sunan Badujala ya bi shi. Da ya yi ritaya ya dawo gida da jita ɗaya, ya buɗe abin da yake kira makaranta a zaurensa. Mutum ɗaya-ɗaya yake koya wa. Akwai tela, akwai wani malamin firamare daga Kafin Dafga, akwai wani ma'aikacin asibiti daga Rogo da ke zuwa a ɓoye don mahaifinsa malamin allo ne. Sai ni, Isuhu masinja, wanda bai taɓa sha'awar kiɗa ba ko a mafarki.

Ga yadda na faɗa hannunsa. A shekarun nan da ake ta rage ma'aikata, ogan ofishinmu ya tara mu ƙananan ma'aikata ya ce duk wanda bai kawo takardar shaidar ya iya karatun boko ba kafin kaka, to ya koma gona. Ni kuwa ba ni da gonar da za ta riƙe gida. Na haura arba'in, ga mata ga yara. Ajami na iya, boko ko baƙi ɗaya ban sani ba. Na shiga ajin yaƙi da jahilci wajen wani saurayi, Malam Habu, amma kaina ya ƙi ɗauka. Abinci ma ya daina shiga.

Baba Saje aminin mahaifina ne, kuma Kurtu yake kirana tun ina yaro. Ran nan na je gaishe shi, ya ce, "Kurtu, sallamarka ta faɗi ƙasa warwas. Me ya faru?"

Na gaya masa.

"Haruffa? Kai! Ai sana'ata ke nan. Gobe bayan la'asar ka zo."

Na je da murna. Ya ɗauki gawayi ya zana haruffa a bango, daga A zuwa G, ya sake komawa A, ya ɗora mini jita a cinya, ya lanƙwasa yatsuna kamar zai karya su. Ya nuna C ya ce sunanta Si. Ya nuna A ya ce E. Ya nuna E ya ce I. Ashe yadda Turawan badujala ke kiran sautuka ke nan, ni ina zan sani? Na haddace tsaf, na tafi aji ina taƙama.

Malam Habu ya rubuta C a allo. "Malam Isuhu, wannan fa?"

"Si!"

"Ca ce, Malam. Kamar ciki, kamar cinya. To me ke bin G?"

Na miƙe tsaye don a ji ni sosai. "A!"

Wallahi har wani tsoho mai sayar da goro sai da ya faɗo daga benci don dariya. Ni kuwa gumi ya jiƙa mini riga, don ina ganin aikina yana tafiya ina kallo.

Na koma wajen Baba Saje. Na ce, "Baba, an ce bayan G akwai H."

"Wa ya ce?"

"Malam Habu."

"Yaron nan da aka haifa ina Saje? Na yi fareti gaban manya, ban taɓa cin karo da H ba. Bayan G sai A, a sake hawa. Sauran duk ƙarin 'yan boko ne don a ce sun yi aiki."

"To akwai wata D mai ƙugiya a ka, wadda ake rubuta ɗaki da ita."

Na zana masa ita a ƙasa, ya ƙare mata kallo. Can ya ce, "Ai wannan Di shaf ce, Di da aka ɗan ɗaga sautinta. Matsa yatsanka gaba kaɗan."

Daga ranar na ƙudura zan bar jita. Amma yaya za ka ce wa aminin mahaifinka ka bar makarantarsa? Duk ran da na shirya maganar, sai in tarar da wata rigimar. Ran farko na same shi a fusace yana neman sandarsa. Ku da kuka san shi kun san ba shi da abin saita jita sai injin niƙan da ke bayan gidansa. Wai kukan injin a Di yake, da shi yake ɗaure tsirkiyoyinsa kullum. To an kira makaniki ya gyara injin, kuka ya canza. Baba ya ja ni har wajen mai injin.

"Wa ya ba ku izinin taɓa shi?"

"Saje, ai injina ne, hayaƙi yake yi."

"Hayaƙinsa ya dame ka, ni Di ɗina fa? Ka kira yaron ya mayar da ɓarnar inda ya same ta!"

Muna wannan shari'a har lokacin aji ya wuce. Ranar aka koya ƙ da ts, ban samu ba.

Karo na biyu ya fi muni. Na jingine keken ofis a ƙofar zaurensa na shiga sallar la'asar a masallacin unguwa. Washegari aka aike ni Kafin Dafga da saƙo. Ina gangara wani tudu na matsa birki, na ji hannuna ya tafi a banza. Innalillahi! Ban tsaya ko'ina ba sai cikin gonar gyaɗar wani bawan Allah, ni a kunya ɗaya, keken a wata. Da na dawo ina ɗingishi, na tarar da Baba yana kaɗa jita, siririyar tsirkiyar nan tana ƙyalli sabuwa fil.

"Baba, wayar birkina ce wannan?"

"Sili ɗaya na zara, sauran suka biyo shi. Ji yadda take magana!"

"Keken gwamnati ne fa! In oga ya gani ai ba sai an jira kaka ba."

"Kurtu, keke yana tsayawa da ƙafa. Jita da me za ta tsaya?"

Na sa aka gyara a ɓoye.

Ana gobe jarrabawar samun takardar shaida na je masa ba don darasi ba, don ban san inda zan sa kaina ba. Na ce, "Baba, na gane haruffan yanzu, amma in na zo haɗa su sai su tarwatse. Gobe zan rasa aikina."

Ya jingine jitar a bango, abin da ban taɓa gani ba da rana tsaka. Ya ce in buɗe littafin ajinmu in karanta. Na fara, na sarƙe, na sake farawa.

"Tsaya! Gudu kake. Wa ya taɓa gudu a fareti? Tashi. Kowace gaɓa taki ɗaya. Hagu, dama!"

Haka ya sa ni, magidanci da furfura a gemu, ina zagaya zaure da littafi a hannu. Ta-fi ka-su-wa. Sa-yo ge-ro. Mata masu wucewa suna leƙe suna rufe baki. Amma ikon Allah, kalmomin suka fara tsayawa a layi.

Da safe jami'in da ya zo daga Kano ya kira ni gaban allo. Harafin da ya fara nunawa C ne. Bakina ya riga ni, na ce, "Si..." Na ga Malam Habu ya dafe kai. "Ca! Ca ce, ranka ya daɗe." Jami'in ya dube ni ta saman tabarau, ya miƙo mini takarda ya ce in karanta. Haruffa suka fara iyo. Sai na buga ƙafar hagu a ƙasa, na buga ta dama, na bi gaɓa-gaɓa har ƙarshen shafi, siminti yana amsawa.

Ya ce, "Malam, soja ne kai?"

"A'a, ranka ya daɗe, masinja ne."

"To ka ci. Amma don Allah in za ka karanta wa oganka saƙo, ka cire takalmi."

Na fito na tarar da Baba Saje zaune a gindin darbejiya, ashe tun safe yana nan. Na durƙusa zan yi godiya, ya katse ni.

"Ka ga amfanin jita?"

"Baba, ai jitar ce ta kusa kashe ni."

"Gobe bayan la'asar. Har yanzu Ef ɗinka a jita kukan akuya take yi."

Na ci gaba da zuwa, kuma na riƙe aikina har na yi ritaya. Waƙa ko ɗaya ban iya kaɗawa ba har yau. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, yatsunsa suka daina kama tsirkiya, nakan je da yamma in karanta masa jaridar Hausa. Wata rana na kai tsakiyar labari ya kama hannuna ya ce, "Kurtu, ban taɓa samun ɗalibi marar kunne irinka ba. Amma duk sun watse, kai kaɗai ka zauna."

Ban iya ƙarasa labarin ba ranar.

Allah ya jiƙan Baba Saje, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa. Ya riƙe ni lokacin da tsoro ya kusa kayar da ni, Allah ya riƙe shi da rahamarsa. Amin.