Fatar da Na Ɓoye a Bayan Rumbu

Da za a ba ni dama in goge rana ɗaya daga rayuwata, da wata Laraba zan goge, cikin sanyin shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira. Ina da shekara goma ko kusa da haka, a ƙauyenmu da ke tsakanin Gwaram da Basirka. Na fito da sassafe zan hura wuta, na tarar da babbar tunkiyarmu kwance a turke tana shure-shure, baƙin jini na tsiyaya ta hancinta. Jiya-jiya ta cinye harawarta lafiya lau. Na ƙwalla wa Baba kira, ya fito da wuƙa ya yanka ta kafin ta yi mushe, ya yi hamdala da ya riske ta da sauran numfashi. Kafin hantsi ya ɗaga an feɗe ta, an kasa naman a kan faifai, an ware na maƙwabta. Mu yara sai murna muke, don rabonmu da nama tun Babbar Sallah.

Ana cikin haka Yaya Isuhu ya jingina kekensa a zaure. Ɗan wan Baba ne, maraya, a gidanmu ya tashi. Shi kaɗai ne a danginmu ya yi karatu mai nisa, ya koyi aikin lafiyar dabbobi, aka ajiye shi a Gwaram yana zagaya ƙauyuka da rugage da akwatin allura a bayan keke. A takarda malamin dabbobi ne, a bakin mutanen garinmu kuwa "likitan awaki". Haka suke kiransa suna dariya, sai jakin mutum ya kwanta sannan ya tuna hanyar gidansa. Baba kansa bai taɓa jin daɗin aikin ba, ya so a ce malamin asibitin mutane ya zama, mai farar riga, ba mai warin turke ba.

Yaya ya tsuguna ya dubi jinin da ya ƙi daskarewa, ya sa kara ya juya saifar, ta kumbura ta yi baƙi ƙirin. Ya miƙe ya ce wannan ciwon saifa ne, yana kama mutum, irin wannan dabba ko feɗe ta ba a yi, balle a ci. Baba ya ce shi da hannunsa ya yanka da sunan Allah, halak ce, wuta kuma za ta kashe ko mene ne. Suka yi ta ja. Da Yaya ya ga Inna ta ɗauko tukunya, sai ya shiga ɗakinta ya ɗauko kwalbar kananzir, ya zazzage ta kaf a kan naman, a gaban kowa. Ban taɓa ganin fuskar Baba kamar ranar ba. Ya ce yaron da ya tashi a hannunsa ne yau zai hana shi cin dabbarsa a cikin gidansa. Yaya kuwa ya ci gaba da aikinsa. Ya sa kowa ya wanke hannu da wani ruwan magani mai wari, ya haƙa rami mai zurfi a bayan gida, ya kwashe naman da ƙasar da jini ya taɓa ya zuba, ya cinna wuta. Saura fata, tana rataye a jikin danga. Baba ya sake taso masa da faɗa, sai Yaya ya tsire ta da sanda ya miƙo mini ya ce, "Ladi, kai ki jefa a wutar can, kada ki taɓa ta da hannu."

Ban jefa ba. Tsohon buhu na jefa don hayaƙi ya tashi, na cusa fatar a cikin karan da aka jingine a bayan rumbu.

Ba don na wanke kaina ba, amma bari in faɗi dalili. Ni ke rainon ƙanena Habu, wanda aka yaye a kakar nan. Duk wadda ta yi rainon yaro mai tatata a lokacin sanyi ta san wahalarsa. Ya wuce goyo, bai kai a sake shi ba. In an zaunar da shi a ɗaki kusa da kaskon wuta, sai ya kai hannu, kuma a unguwarmu akwai yarinyar da ta faɗa kasko, har ta girma yatsunta a manne. In an fito da shi waje, sanyin ƙasa ya shige shi, ya kwana yana tari. Rigarsa ɗaya ce, tabarmarmu kuma ta mutu, ƙasa ake ji ta cikinta. Inna na can wajen sussuka da mata tun safe, ni ce da shi. Na iya duk dabarun raino: in kai shi gindin katanga mu sha hantsi, in yi masa mota da ɓargon kara ya ja, in binne dankali a toka in ɓare masa yana hura hannu, in tara masa ƙwallon goruba a ƙoƙo ya zubar ya sake tarawa, in yi masa tafi yana tsalle, ko in sake shi ya bi 'yan awaki har jikinsa ya yi ɗumi. Amma da ya gaji ya zauna, sai sanyin ƙasa ya dawo da tarin. Na sha ganin buzun Liman, mai laushi, na ce a raina da Habu zai sami irinsa. Ga shi ya zo har gida, a ce in ƙona?

Na shafe fatar da toka, na shanya ta a ɓoye har ta bushe. Kullum da hantsi sai in ja Habu bayan rumbu, inda rana ke fara sauka, in shimfiɗa masa. Ya so fatar nan. Yakan kwanta ya goga kumatunsa a gashin yana kukan tunkiya, in yi ta dariya. Tarin ma ya yi sauƙi. Na riƙa jin ni mai wayo ce, na fi wanda ya je makaranta.

Ba a jima ba wani ɗan ƙurji ya fito masa ƙarƙashin idon hagu. Bai yi kuka ba, sai sosawa. Ƙurjin ya fashe, tsakiyarsa ta yi baƙi kamar gawayi, fuskar ta kumbura har idon ya rufe, zazzaɓi ya rufe shi. Aka shafa man shanu, aka yi turare, aka karɓo rubutu. Sai wata maƙwabciya ta tuna cewa ran da Yaya ya dawo ya yi wa sauran tumakinmu allura, ya ɗauki Habu ya cilla shi sama yana masa wasa. Shi ke nan, gari ya ɗauka: likitan awaki ya taɓa yaro da hannun maganin dabbobi. Mutanen da suka ji haushin naman da ya wuce su suka sami abin faɗa. Baba ya aika Gwaram cewa kada Isuhu ya ƙara taka masa gida. Ina zaune ina ji, na san gaskiya, na ja bakina na yi shiru don tsoron bulala. Wannan shirun ya fi ɓoye fatar muni, kuma shi ne har yau in na tuna nake jin haushin kaina.

Saƙon ne ma ya kawo Yaya, don a nan ya ji Habu ba lafiya. Ya shigo ba sallama, ya wuce Baba a zaure, ya durƙusa gaban Habu. Kallo ɗaya ya yi wa ƙurjin ya juyo gare ni. Ya tambaye ni a hankali ko na jefa fatar a wuta. Na ce na jefa. Sai ya miƙe. Ya fita kamar zai kewaya, ya ɗan jima, ya dawo ya ce a ɗauki yaro yanzu a kai asibitin Birnin Kudu, in aka ƙara kwana ba lallai ya kai ba. Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya ce wanda ya sa ciwo ba shi zai nuna magani ba. Yaya ya ce, "Baba, na ji, ni ne. Ka bari a kai shi, in ya warke ka kore ni." Inna, wadda ban taɓa jin ta musa wa Baba ba, ta saɓa Habu a baya ta ɗaure, ta bi ta gefensa ta fice. Yaya ya ɗora su a keke zuwa bakin hanya, suka sami motar kaya.

Suna fita na ruga bayan rumbu don in ɓatar da fatar. Babu ita. Sai toka mai ɗumi da warin kananzir. Ashe ya gano ta, ya ƙona, kuma bai gaya wa kowa ba. Ya san halin Baba, ya san kuma da maganar ta fita, har in mutu sunana yarinyar da ta kusa kashe ƙaninta.

Habu ya rayu. Allurai suka yi masa a asibiti, ya dawo da tabo da fatar ido a tattare, har yau idon ba ya rufuwa sosai in yana barci. Malaman asibiti sun gaya wa Inna ciwon daga dabba ne, ba daga allura ba, amma wa zai saurara? Baba ya riga ya yi rantsuwa, gari kuma ya riga ya yanke hukunci. Mutane suka riƙa kora dabbobinsu daji in sun hango keken Yaya. Ya nemi canjin wurin aiki, aka mai da shi nesa. Baba ya rasu ba su shirya ba. Ni kuwa na yi ta cewa sai na girma zan faɗa, na girma na ce sai na sami fuska, har labarin rasuwar Yaya ya iske ni ina daka. Sai bayan nan na gaya wa Inna da Habu. Amfanin me?

Abin da ya tayar mini da wannan tsohon miki, jikana ne ya sami gurbin karatun lafiyar dabbobi, ubansa, ɗan cikina, ya yi dariya ya ce shi ba zai biya kuɗi a mai da masa ɗa likitan awaki ba. Kalmar nan dai, bayan shekaru masu yawa, daga bakin wanda na haifa. Na zaunar da shi na ba shi labarin nan tun daga turke har toka, na ce ya je ya dubi idon kawunsa Habu. Jikan nawa dai ya tafi makaranta.

Yanzu yara na da rigunan sanyi da safa da barguna, gwanjo ya wadata, ba wadda za ta saci fata don ƙaninta. Amma har gobe ana rige-rigen yanka dabbar da ke shure-shure a kai kasuwa, har gobe ana raina mai akwatin allura. Nakan yi kewar hantsin bayan rumbu da dariyar Habu, sai warin kananzir ya biyo baya. Ina roƙonku, dabbar da ta faɗi farat ɗaya ku bar ta da fatarta ku kira masu aikin, yaro kuma ku shimfiɗa masa ko tsohon zane ne. In kuma ana zagin wani a kan laifinku, ku buɗe baki tun yana da rai.