Kalmar da Ta Rage wa Yaya

A gida Auta ake ce mata, duk da furfura ta fara leƙowa ta ƙarƙashin ɗankwalinta. A masaƙa kuwa Mai Kunne suke kiranta, domin aikinta shi ne sauraren hirar da injinan saƙa ke yi da kwamfutar ofis ta cikin wayar da ta haɗa su. Hirar ba da murya ake yin ta ba. Ƙananan saƙonni ne da masu sana'ar ke kira fakiti, kowanne da lambarsa a jere. Idan inji ya yi gardama, ita ake nema ta kama fakitin ta gano inda magana ta lalace.

Yayanta ne ya sa ta a hanya. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, ta tashi a ɗakin da ke cike da gawarwakin kwamfuta da ƙaurin dalma. Shi ya ƙera katin da ke haɗa tsofaffin injinan masaƙar da kwamfuta, ɗan allo kore da bai wuce tafin hannu ba. Shi kuma ya rubuta masa direba, wato ɗan shirin da ke zaune can cikin kanel, zuciyar kwamfutar, yana karɓar saƙo daga katin. Matarsa, wadda Auta ke kira Anti, ta sha tsokanarsu da cewa gidan nan kullum zancen direba ake yi, amma da ƙafa take zuwa kasuwa.

Yaya na da wani hali da ya kamata a ce an yi masa faɗa a kai tun da wuri: ba ya rubuta bayanin komai. In an tambaye shi, sai ya ƙwanƙwasa goshinsa ya ce yana nan. To, bara jininsa ya hau, ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Kalma ɗaya tak ta rage masa, "juya". Da ya faɗe ta, Anti za ta ajiye abin da take yi ta juya shi a gado, ta gyara masa filo.

Ana cikin haka injina suka fara tsayawa babu gaira babu dalili. Zare ya tsinke, yadi ya ɓaci, masaƙa su zauna su zuba tagumi. Manaja ya hawo ɗan ɗakin gilashin da Auta ke aiki, wanda daɓensa ke karkarwa saboda rurin injinan ƙasa.

"Malama, ni ba ni da komai da yayanki," in ji shi. "Amma akwai masu son kawo mana sabon kaya. Ki nuna min ba katin ba ne, sai in bar shi. In ba haka ba, cire shi za a yi."

"Ba katin ba ne, Oga. Sabbin wayoyin nan da aka ja ne."

"To ki nuna min."

Nan gizo ke saƙa, don ba ta da abin nunawa. Laburaren kama fakiti, wanda ba littafi ko ɗaya a cikinsa sai tarin shirye-shirye, katunan da ake sayarwa a kasuwa kawai ya sani. Na Yaya baƙo ne a wurinsa. Sai ta koya wa laburaren da hannunta yadda zai nemo katin, ya buɗe ƙofar da direban ya bari a kanel, ya karanta abin da ke fitowa, ya rufe. Ta duƙufa, tana rubutu tana hure audugar da ke sauka a kan madannai. Ranar da sunan katin ya fito a cikin na'urorin da laburaren ya gane, sai da ta tafa ita kaɗai kamar wata yarinya.

Murnar ba ta je ko'ina ba. Abin da ya cika allon kwamfutar shirme ne tsagwaronsa. A gaban kowane fakiti akwai lambobi biyu, ɗaya ta lokacin da ya iso, ɗaya ta tsawonsa, don mai karatu ya san inda zai yanka. Su kuwa injina ba bakinsu ɗaya ba wajen rubuta lamba: wani daga babban gefe yake farawa, wani daga ƙarami, kamar a rubuta 12 wani ya karanta 21. Kowa a sana'ar ya san wannan. Ta karanta lambobin yadda suka zo, shirme. Ta birkita su duka biyun, wani shirmen daban. Ta mayar, ta cire zancen a ranta, ta shiga neman laifi a wuraren da ba shi. Ta fara jin haushin Yaya, sannan ta ji kunyar haushin.

Wani yammaci bayan an tashi aiki ta biya gidansu. Ɗakin na warin man zafi, rediyo na magana ƙasa-ƙasa. Ta zauna bakin gado ta zayyana masa komai, ba don tana sa ran amsa ba, sai don ba ta da wanda za ta gaya wa.

"Yaya, na buɗe ƙofarka, amma ban gane yarenka ba. Za su cire katinka fa."

Ya kama wuyan hannunta da hannun hagu, ya zuba mata ido.

"Juya."

Ta miƙe ta tallafi kafaɗarsa ta juya shi.

"Juya," ya sake cewa.

"Haba Maigida, yanzu fa aka juya ka," in ji Anti daga bakin ƙofa. "So kake ka karya mana baya?"

Ya lumshe ido.

Sai da safe, tana tsaye a bas an matse ta da ƙarfen riƙewa, abin ya faɗo mata. Tsawon fakiti katin ne ke rubuta shi, lokaci kuwa direba ne ke liƙawa a cikin kwamfuta. Hannu biyu ne suka yi rubutun, me zai sa su bi hanya ɗaya? Tana isa ko jaka ba ta ajiye ba ta juya lambar tsawo kaɗai, ta bar ta lokaci yadda take. Fakiti suka jero a allo tsaf, kowanne da lambarsa. Ta ce, "Yaya!" da ƙarfi har wani masaƙi ya ɗago kai daga ƙasa.

Ta zauna tana kallo, tana jiran ta kama sabbin wayoyin da laifi. Ta jona wata kwamfutar a kan wayar, daf da bakin katin, don ta gwada abin da ke shiga da abin da ke fita. Da rana ta take, ɗakin ya ɗauki zafi, ta ga fakiti na bakwai, na takwas, sai na goma sha ɗaya. A ƙasa inji ya tsaya. Wayar kuwa ta kawo su duka, babu wanda ya yi ciwon kai. Katin ne ke haɗiye su idan ya yi zafi. Ya tsufa, kuma mutum ɗaya ne a duniya ya san cikinsa.

Ta sake gwadawa, ta sa masa fanka, ta sake. Abin bai canza ba. Ta so a ce aikin nata ne ke da kuskure, amma tun da ta fara sana'ar ba ta taɓa rubuta abin da ya yi kyau haka ba. Da Manaja ya hawo, ta karkata masa allon ta nuna masa da yatsa.

"Sannu, Malama," ya ce a hankali. "Aikinki ya yi."

Ita da kanta ta kwance katin, don ba ta yarda wani ya fizge shi ba. Ta naɗe shi a hankici ta kai gida. Ta rasa ta inda za ta fara, sai kawai ta ɗora shi a tafin hannunsa na hagu. Ya daɗe yana kallonsa.

"Juya," ya ce.

Ta juya katin, bayansa ya bayyana, inda ɗigon dalmarsa ke jere reras. Ta jira ko zai gyaɗa kai. Ta so ta tambaye shi ko ranar nan lambar yake nufi, ko ya san abin da za ta gani in ta juya. Idonta ya cika.

"Juya."

"Auta, gefen ne ya gaji," in ji Anti. "Tun azahar yake kansa."

Auta ta sa hannu ƙarƙashin kafaɗarsa ta juya shi, fuskarsa ta koma bango. Ta kai hannu za ta karɓi katin don kada ya soke shi, ta tarar ya damƙe shi gam, sai ta ja bargo ta rufe su tare.