Muryar Ɗan Fari a Akwatin Bappa

Jiya a kasuwar Jimeta warin dalma ya buge ni wajen mai gyaran rediyo, sai Bappa ya faɗo mini a rai. Tsohon maƙwabcinmu ne a Wuro Hausa, shi ke horar da samarin ƙungiyarsu ta rediyon oba-oba idan sun samu lasin. Har ɗana na fari ya horar.

Da aiki ya kai yaron Maiduguri, ran da zai fara kiran gida ta rediyo da kansa, Bappa ya aika na zo. Ɗakinsa duk zafi da warin dalma, akwatin rediyon na ta shuu. Can na ji muryar ɗana, "Dada, kina ji na?"

Bappa ya miƙo mini abin magana. Ni da ko sunan ɗan fari ba na faɗa, yaya zan amsa gaban babba? Na ja mayafi na sunkuya. Yaro na ta kira, ya zaci ya kasa.

Bappa ya karɓe. "Kai, muryarka ta iso ras! Tana nan, ta ji. Idan iska ta yi shiru, kada ka ɗauka babu kowa."

Ya rufa mini asiri, kunya ta hana ni ko gode masa. Allah Mai jin masu shiru, Ka isar masa da godiyata, Ka haskaka makwancinsa.