Jar Akuyar Iya Yabawa a Furiyar

Duk unguwarmu a Gure babu wanda bai san Iya Yabawa ba. Shekara talatin tana kiwon awaki a bayan ɗakinta, da nononsu ta yi rainon ƴaƴa biyar. Matan unguwa kowace tana shafa wa dabbarta lalle a goshi don shaida, ita kuwa ko oho. "Ni zan manta fuskar akuyata?" in ji ta.

To, bara sai aka yi shela: duk dabbar da aka gani tana yawo a titi za a kai ta furiyar, garken da ake kulle kamammun dabbobi. Ran Laraba da hantsi jar akuyarta ta sulale ta ƙofa, aka kama ta. Kwananta biyu da haihuwar tagwaye!

Iya ta isa furiyar tana haki. Jajayen awaki bakwai a ciki, har wata mata ta riga ta nuna ta Iya ta ce tata ce.

Garbai mai gadi ya ce, "Iya, ina shaidarki?"

"Shaida? Ga ta can tana kallona!"

"Duk kallonki suke. Sai gobe in babba ya zo."

Gobe! Ƴaƴan ko ruwa ba su iya sha ba, tun safe suke kuka. Ni da na rako ta sai na juya na dube ta.

Iya ta juya gida cikin yashi da zafin azahar, ta dawo da kwano a ka, tagwayen a ciki. Babban cikinsu ya yi ƴar ƙara ɗaya. Kai jama'a! Sai ga akuya ta ture ƴan uwanta, ta haye darni, ta kusa kayar da Garbai. Matar nan mai cewa tata ce tuni ta ja mayafi ta yi gaba.

Garbai ya ce, "Iya, ɗauki abarki, amma a ɗaure ta."

Iya ba ta ma ji shi ba. Babban ya kama nono, ƙaramin kuwa yana kwance, wuya ya langaɓe. Ta durƙusa, ta buɗe bakinsa da yatsa, ta tatsa masa a harshe. Shiru. Ta sake tatsawa. Can sai muka ga maƙoshinsa ya motsa, ƴar wutsiyar ta fara kaɗawa.

Iya ta rangaɗa guɗa, hawaye na zuba.