Fayil ɗin da Anti ke Karantawa

A unguwar Fadikpe ofishinmu yake, ɗaki ɗaya a saman shagon siminti. Manhaja muke rubutawa mai tura saƙon tes ga makiyayan wajen Kagara da direban motar da ke ɗaukar madararsu. Duk abin da manhajar ke bukata yana cikin fayil guda na saiti: lambar wayar direba, lokacin tura saƙo, sau nawa za a sake gwadawa in babu sabis.

Mai kula da fayil ɗin wata dattijuwa ce, tsohuwar mai buga tafireta, muna ce mata Anti. Kafin mu saki kowane gyara sai ta sa tabarau, ta ɗora yatsa a kan allon kwamfuta, ta bi shi layi-layi da ƙarfi. "Wannan lamba ce. Wannan rubutu ne. Wannan i ko a'a." Muna amsawa kamar 'yan aji ɗaya, bakinmu cike da ƙosai. A lokacin haushi abin yake ba ni. Yanzu kuwa ina kewar safiyoyin nan ƙwarai.

Wani mako ta tafi jana'iza ƙauyensu, na canza lambar direba da kaina. Manhajar ta ɗauke ta a matsayin adadi, ta yar da sifirin farko. Saƙo bai je masa ba, matan makiyayan suka yini a bakin titi suna jiransa har madarar ta lalace.

Kunya ce ta zaunar da ni na rubuta wani ɗan shirin kwamfuta. Shi zai karanta fayil ɗin, ya fitar da kod, wato umarnin da manhajar ke bi, da kansa, kowane saiti ɗaure da irinsa. In ka sa rubutu inda ake son lamba, manhajar ba za ta ma haɗu ba, balle ta yi aiki.

Da Anti ta dawo na nuna mata, bakina har kunne. Ta sa kuskure da gangan sau uku, duk ya kama.

"Ɗana, abin naka ya fi ni ido," ta ce. "To gobe me zan zo in yi?"

Na yi dariya, na ɗauka wasa take. Ƙarshen wata mai kamfaninmu ya yi wannan tambayar, kuma shi ba da wasa ba.

Ranar da aka sallame ta, ni na riƙe mata jaka har bakin titi, muka tare keke zuwa unguwar Limawa. Ta sa ƙafa ɗaya ciki, sai ta juyo ta ce in riƙa kiran direban nan da baki duk ranar kasuwa, don bai iya karatu ba, matarsa ce ke karanta masa saƙon, ita kuma ranar kasuwa ba ta gida.

Shekara biyu ina tura wa mutumin saƙo, ban sani ba.