Ranar da Baba Ya Ƙi Yarda da Sakamakona

Ranar Alhamis ɗin da aka rufe zango na biyu, ina aji biyar, na shigo gidanmu na Gwange a guje, ko takalmi ban cire ba, na miƙa wa Baba takardar sakamakona. Yana kan keken ɗinkinsa a zaure. Ya duba, ya juya bayanta, ya sake dubawa. Daga ta ashirin da bakwai na dawo ta biyar. Maimakon barka, sai ya ce, "Falmata, ruwa ba ya tsami banza."

Makarantar tamu ta kuɗi ce, irin masu bin manhajar ƙasashen waje, kawuna ne ya sa ni. A shekarar ne shugabanta ya tafi, mai makarantar ya raba ragamar tsakanin malamai uku: Madam Saratu 'yar Biu, Malam Bukar na lissafi, da wata malamar Turanci. Tun daga nan aka fara tsare mu raunana bayan tashi, muna bita a gindin darbejiya, 'yan'uwanmu suna can suna 'yar gala-gala. Nakan dawo gida in tarar da wanke-wanke da ɗiban ruwa suna jirana.

Iyaye dai ba su natsu ba. A layinmu ana ta raɗe-raɗin cewa maki ake ƙara wa yara don kada a kwashe su. Ni kaina na fara shakka, na riƙa tambayar zuciyata ko ba gumina ba ne.

Washegarin ranar da na kawo sakamakon, Baba ya tare Keke Napep, ya tafi da ni makarantar. Ya ce a fito masa da takardun jarrabawata. Madam Saratu ta baje su a tebur, ta nuna masa jan biro da koren biro: wani ya duba, wani ya bi sawu. Baba ya ce, "Madam, ai ku uku bakinku ɗaya." Ya zaro tef ɗin awonsa, ya tambaye ni yadi nawa zai ishi riguna bakwai in kowace tana cin ɗaya da rabi. Na ce goma da rabi. Malam Bukar ya yi murmushi. Baba ya naɗe tef ɗinsa kawai, ya ce, "Mu ga zango mai zuwa."

A zangon na yi fama da zazzaɓi, na faɗo ta tara. Ranar ce Baba ya saya min tsire. "Yanzu na yarda," in ji shi, "masu ƙarya ba za su bari ki sauko ba."

Yau sakamakon 'yata ta waya yake zuwa mini, kullum a sama, babu ko gargada. Ban san hannun da ya duba ba, ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba. Baba ya rasu, ni kuma kunya ta hana ni tambaya.